Tsakanin fata da fargaba: abin da ke hana magoyin bayan ƙungiyar garinsu barci

A ranar ƙarshe ta kakar wasa, idan ƙungiya tana bakin faɗawa rukunin ƙasa, mai lura zai ga wani abu a filin wasa wanda ba ya faruwa a sauran ranaku. Ana taka leda a gaban jama'a, amma rabin waɗanda ke zaune idonsu yana kan waya, domin makomar ƙungiyarsu ta rataya ne a kan wani wasan da ake bugawa a wani gari mai nisa. Can sai sowa ta ɓarke daga wani lungu na filin alhali babu wanda ya zura ƙwallo, ta bi layi-layi har ta zagaye wurin, 'yan wasan da ke cikin fili su ɗago kai suna tambayar benci da ido. Bayan minti biyu kuma wurin ya yi tsit, saboda labari ya iso cewa an farke a can. Dattijon da ya shekara arba'in yana zama a kujera ɗaya ya dafe kai da hannu biyu, jikansa yana jan rigarsa yana tambayar abin da ya faru, shi kuwa ba shi da bakin amsawa.

Wanda bai taɓa ɗaura wa ransa ƙungiya ba zai iya cewa ai wasa ne, kuma da gaskiyarsa ta wani ɓangare. Sai dai abin da ke wahalar da wannan dattijo yana da tushe, kuma tushen nan shi ne abin da nake so a duba. Magoyin bayan ƙungiyar garinsu ya miƙa wani abu da ba zai iya karɓewa ba ga wani abu da ba shi da iko a kansa. Ɗan wasa yana da kwantiragi mai wa'adi, koci yana iya ajiye aiki ko a kore shi, mai ƙungiya yana iya sayar da ita gobe da safe, amma mutumin da mahaifinsa ya fara riƙo hannunsa zuwa filin nan tun yana ɗan shekara bakwai ba shi da inda zai koma. Shi kaɗai ne a cikin harkar da ba ya sauya sheƙa, kuma shi ne kaɗai ba a neman sa hannunsa idan za a yanke hukunci. Daga nan fatansa yake fitowa, daga nan kuma fargabarsa take fitowa.

Fatan shi ne mai sauƙin ganewa. Kowace kaka tana farawa ne da teburi wanda kowa ke da maki sifili, kuma wannan kaɗai ya isa ya goge ɗacin bara. An sayo sabon ɗan wasan gaba, an ɗauko wani yaro daga makarantar horas da matasa ta ƙungiyar, an kawo kocin da aka ce ya iya tsara baya, sai zuciya ta fara lissafi. Lissafin nan kuwa ba hauka ba ne, domin tarihi yana ciyar da shi da misalai na gaske. A kakar 2014 zuwa 2015 Leicester City ta shafe watanni a ƙasan teburin Firimiyar Ingila, ta tsira da ƙyar bayan ta ci bakwai daga cikin wasanninta tara na ƙarshe. Kakar da ta biyo baya, a ƙarƙashin Claudio Ranieri, da Jamie Vardy a gaba da Riyad Mahrez a gefe da N'Golo Kanté a tsakiya, ita ce ta ɗauki kofin, karon farko tun kafa ta a 1884. Duk wani magoyin bayan ƙaramar ƙungiya a ko'ina cikin duniya ya adana wannan labari a ransa, kuma yana ciro shi duk lokacin da aka ce masa ya daina mafarki.

Akwai kuma wani nau'in fata wanda ya fi wannan nauyi, shi ne na jira mai tsawo da ake gada kamar yadda ake gadon gida. Chicago Cubs, ƙungiyar ƙwallon besbol a Amurka, ta lashe babban kofin ƙasar a 1908, ba ta sake ba sai a 2016, bayan shekara 108. Mutane sun zo duniya, sun girma, sun tsufa, sun rasu suna jiran abin da ba su gani ba. A makonnin wannan nasara magoya baya sun riƙa zuwa bangon filin Wrigley da alli a hannu suna rubuta sunayen iyayensu da kakanninsu da suka rasu kafin ranar ta zo, har bangon ya cika ya rasa wurin rubutu. Ba na jin akwai bayanin da zai fi wannan bango nuna abin da ƙungiyar gari take nufi ga mutanenta. Haka birnin Napoli na Italiya ya jira shekara 33 tsakanin kofin 1990 na zamanin Diego Maradona da na 2023, kuma a tsakanin nan ƙungiyar ta durƙushe a 2004 har sai da aka sake kafa ta daga rukuni na uku. Athletic Bilbao ta Sifaniya, wadda ta ɗaure kanta da sharaɗin cewa ba za ta yi amfani da ɗan wasa ba sai wanda aka haifa ko aka raina a yankin Basque, ta jira shekara 40 kafin ta sake ɗaga kofin Copa del Rey a 2024.

To amma waɗannan labarai suna da daɗin ji ne saboda ba su cika faruwa ba, kuma a nan fargaba ta farko take shigowa. Daga 1992 da aka fara gasar Firimiya zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai ne kawai suka lashe ta. Bayern Munich ta ɗauki kofin Jamus sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023, Juventus ta ɗauki na Italiya sau tara a jere daga 2012 zuwa 2020, a Sikotland kuwa tun da Aberdeen ta ci a 1985 har zuwa 2025 babu wadda ta sake taɓa kofin in ba Celtic ko Rangers ba. Dalilin a fili yake. Kuɗin talabijin da na gasar Zakarun Turai suna zuwa ne ga waɗanda suka riga suka yi nasara, su kuma su sayi 'yan wasan da za su sake kawo musu nasara, haka abin yake ta juyawa. Tun bayan hukuncin da kotun Turai ta yanke a watan Disamba na 1995 a shari'ar ɗan wasan Beljiyam Jean-Marc Bosman, ɗan wasa yana da 'yancin tafiya kyauta idan kwantiraginsa ya ƙare, aka kuma cire ƙayyade yawan 'yan wasan ƙasashen Tarayyar Turai a ƙungiyoyin yankin. Wannan adalci ne ga 'yan wasa, babu mai musu, sai dai ya sa ƙaramar ƙungiya ta zama dole ta sayar da gwaninta tun yana da sauran wa'adi, in ba haka ba ta yi biyu babu.

Shi ya sa magoyin bayan ƙaramar ƙungiya yake kallon gwanintar ɗan wasansa da zuciya biyu. Duk ƙwallon da yaron ya ci tana kusantar da ƙungiyar ga nasara, tana kuma kusantar da shi ga ƙofar fita. Leicester ba ta gama murna ba Kanté ya koma Chelsea a watan Yuli na 2016, aka sallami Ranieri a watan Fabrairu na 2017, Mahrez ya tafi Manchester City a 2018. Ƙungiyar ta ci kofin FA a 2021, amma a 2023, shekara bakwai kacal bayan ta zama zakara, ta faɗa rukuni na biyu. Zafin ya fi yawa idan wanda ya tafi ɗan gida ne. LeBron James ɗan garin Akron ne, kusa da Cleveland, kuma da ya bar Cavaliers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Cleveland, zuwa Miami a 2010 har rigunansa aka ƙona a titi. Ya dawo a 2014, ya kuma jagorance su suka ci kofin ƙwallon kwando na NBA a 2016, wanda shi ne babban kofi na farko da birnin ya gani a manyan wasanni tun 1964. Irin wannan dawowa kuwa a kan yatsu ake ƙirga ta.

Rashin kofi da tafiyar gwanaye, duk da zafinsu, ciwo ne da ake rayuwa da shi. Fargabar da ta fi girma tana da fuska biyu, kuma wadda mutum zai haɗu da ita ta danganta ne da tsarin gasar da ƙungiyarsa take ciki.

A yawancin ƙasashen da ake buga ƙwallon ƙafa, ƙofar gasa a buɗe take: waɗanda suka ƙare a ƙasa su faɗi, waɗanda suka yi fice a rukuni na biyu su hauro. Wannan tsari shi ne ke ba kowane ƙaramin gari damar yin mafarki, domin a ƙa'ida babu abin da zai hana ƙungiyar unguwa hawa har ƙololuwa. Amma tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Tazarar kuɗi tsakanin babban rukuni da na biyu ta yi girman da take sa masu ƙungiyoyi su riƙa kashe abin da ba su da shi, ko don su hau ko don kada su faɗi. A rukuni na biyu na Ingila an yi shekaru da dama da albashin da ƙungiyoyi suka biya, a haɗe, ya zarce dukkan kuɗin da suka samu, wanda ke nufin ana rayuwa ne a kan bashi da aljihun masu ƙungiyoyi. Ko wanda ya hau ɗin ma bai tsira ba, domin a kakar da ta ƙare a 2024 da wadda ta ƙare a 2025 duka ƙungiyoyi ukun da suka hauro Firimiya sun koma inda suka fito bayan kaka ɗaya.

Labarin Leeds United shi ne darasin da ake yawan kawowa. A 2001 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Turai, shugabanninta suka ci bashin fam miliyan 60 bisa dogaron cewa za ta ci gaba da shiga gasar kowace shekara tana kwasar kuɗi. Da ta gaza samun gurbi, sai bashi ya taso, aka shiga sayar da 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi a 2004, ta ƙara gangarawa rukuni na uku a 2007, ba ta sake ganin Firimiya ba sai a 2020. Portsmouth ta ɗaga kofin FA a 2008, zuwa 2013 tana rukuni na huɗu. Abin lura shi ne magoya bayan waɗannan ƙungiyoyi sun yi tafi lokacin da ake sayo manyan 'yan wasa, kuma ba na ganin laifinsu, tunda ba su aka nuna wa littafin kuɗi ba. Sai dai ya kamata a faɗi gaskiya cewa matsin da magoya baya ke yi na a kashe kuɗi yana daga cikin abin da ke tura shugabanni ga wannan kasada. Fatan da kansa yakan zama itacen da ke hura wutar da ake tsoro.

Hukuncin ma idan ya zo, a kansu yake sauka. Lokacin da aka zabtare wa Derby County maki 21 a kakar 2021 zuwa 2022 saboda matsalolin kuɗi, ko aka zabtare wa Everton maki 10 a watan Nuwamba na 2023 kafin a rage zuwa shida, waɗanda suka yanke shawarar kashe kuɗin ba su ne suka kwana suna duba teburi ba. Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da ya sami Bury, ƙungiyar wani gari kusa da Manchester, wadda aka kafa a 1885 kuma ta ci kofin FA sau biyu, a 1900 da 1903. A watan Afrilu na 2019 magoya bayanta suna murnar haurawa rukuni na uku, ranar 27 ga Agusta na wannan shekarar aka kore ta daga gasar baki ɗaya saboda bashi, ba tare da ta buga ko wasa ɗaya a sabuwar kaka ba. Ranar Asabar ta zo, filin Gigg Lane yana kulle, mutanen da suka tsara rayuwarsu a kan wannan rana ba su da inda za su je.

A Amurka tsarin daban ne. Manyan gasanninta a rufe suke, NFL ta ƙwallon Amurka mai ƙungiyoyi 32 da NBA mai 30 babu wadda ake faɗuwa daga cikinta, komai munin kakar da ƙungiya ta yi. Akwai ƙayyade yawan albashi, ana raba kuɗin talabijin na ƙasa tsakanin ƙungiyoyi, sannan waɗanda suka fi shan kashi su ake ba damar fara zaɓar gwanayen matasa masu shigowa gasar. Wannan ya sa fatan magoyin baya a can yana da madogara mai ƙarfi, domin ƙungiyar da ke ƙasa bana tana iya zama a sama bayan shekara uku ko huɗu. Amma tsarin ya haifi nasa ciwon. Tunda shan kashi yana da lada, wasu shugabanni da gangan suke rusa ƙungiya don ta ƙare a ƙasa, kamar yadda Philadelphia 76ers ta yi har ta ci wasa 10 kacal cikin 82 a kakar 2015 zuwa 2016. Mutum ya sayi tikiti ya zauna yana kallon ƙungiyarsa, zuciyarsa tana so ta ci, hankalinsa yana gaya masa gara a doke ta. Wannan hali ne da bai kamata a jefa mai ƙauna a cikinsa ba.

Babbar fargabar can kuwa ita ce ƙaura. Tunda gurbin gasa dukiyar mai ƙungiya ce, yana iya ɗaukarsa ya kai wani birni idan sauran masu ƙungiyoyi sun amince. A daren 28 ga Maris na 1984 manyan motocin ɗaukar kaya suka shiga sansanin Baltimore Colts, ƙungiyar NFL ta birnin Baltimore, aka loda komai cikin duhu, gari ya waye ƙungiyar tana kan hanyar Indianapolis. Shekara 12 bayan haka Baltimore ta sami wata ƙungiyar, amma ta hanyar ɗauko ta Cleveland, wato dai an share hawayen wani gari da hawayen wani. Seattle ta riƙe SuperSonics daga 1967, ta ci kofin NBA a 1979, a 2008 aka kwashe ta zuwa Oklahoma City aka sauya mata suna, kuma a 2025 mutanen Seattle suna ji suna gani wannan ƙungiya ta ɗauki kofi da sunan wani birni. Oakland ita ce ta fi kowa shan wannan ɗaci a 'yan shekarun nan, domin Warriors ta NBA ta tsallaka San Francisco a 2019, Raiders ta NFL ta koma Las Vegas a 2020, Athletics ta besbol kuma ta buga wasanta na ƙarshe a birnin a watan Satumba na 2024. Cikin shekara biyar birni mai manyan ƙungiyoyi uku ya wayi gari babu ko ɗaya.

Yadda abin ke tafiya kusan iri ɗaya ne a kowane karo. Mai ƙungiya zai ce filin ya tsufa, ya nemi gwamnatin birni ko ta jiha ta zuba kuɗin jama'a a gina sabo, yana kuma nuni da cewa akwai wani birnin da ke shirye ya biya. Jihar Nevada, inda Las Vegas take, ta amince da dala miliyan 750 na kuɗin haraji don filin Raiders, daga baya ta amince da har dala miliyan 380 don na Athletics. Masana tattalin arziki da suka daɗe suna nazarin irin waɗannan filaye mafi yawansu sun tafi a kan cewa ba sa dawo wa birni da abin da aka kashe. Magoyin baya, wanda shi ma mai biyan haraji ne kuma yana da 'ya'ya a makarantun gwamnati, ya tsinci kansa gaba damisa baya siyaki: ya goyi bayan a biya attajiri daga aljihun talaka, ko ya ƙi a ɗauke masa abin da ya gada. Ƙaunarsa ce aka mayar makamin ciniki, kuma a ganina wannan ya fi kowane shan kashi a fili ciwo.

Kada a ɗauka ƙwallon ƙafa ta tsira daga wannan. A Afirka ta Kudu doka ta ba da damar sayar da gurbin gasa, kuma ta haka Bidvest Wits, wadda aka kafa a 1921 kuma ta lashe gasar ƙasar a 2017, ta ɓace daga babban rukuni a 2020 bayan an sayar da gurbinta ga wata ƙungiya ta lardin Limpopo. A 2021 aka sayar da Bloemfontein Celtic, wadda magoya bayanta suka yi suna a faɗin ƙasar wajen waƙa da cika fili, aka kai gurbin lardin KwaZulu-Natal da sabon suna. A Ingila ma an taɓa yi, lokacin da wani kwamiti na mutum uku ya amince a 2002 cewa a ɗauke Wimbledon, wadda ta doke Liverpool ta ci kofin FA a 1988, daga kudancin Landan zuwa Milton Keynes, tafiyar kusan kilomita 90.

Duk waɗannan labarai suna komawa ne ga mutum ɗaya, wato mai ƙungiya, kuma babu inda fata da fargaba suka cakuɗe kamar a kansa. Magoyin bayan ƙungiyar da ke fama yana addu'ar wani attajiri ya zo ya saye ta, amma ba shi da ta cewa a kan wane ne zai zo, da wace niyya, kuma daga ina dukiyarsa ta fito. Da asusun zuba jari na Saudiyya ya jagoranci sayen Newcastle United a watan Oktoba na 2021, jama'a sun cika harabar filin St James' Park da murna, kuma a watan Maris na 2025 ƙungiyar ta ci babban kofinta na cikin gida na farko tun 1955. A lokaci guda wasu daga cikin magoya bayan sun kasa sakin jiki, saboda sukar da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam ke yi wa sababbin masu ita. A Cardiff City mai ƙungiyar ya sauya launin rigar daga shuɗi zuwa ja a 2012, bayan ƙungiyar ta shafe fiye da shekara ɗari da shuɗi, sai da aka yi ta zanga-zanga kafin a dawo da shi a watan Janairu na 2015. Ga mai lissafin kasuwa launin riga ƙaramin abu ne. Ga wanda ya binne mahaifinsa ya ajiye tsohon gyalensa shuɗi a cikin akwati, launin nan yana daga cikin abin da ya sa ƙungiyar ta zama tasa.

Akwai wuraren da aka yi ƙoƙarin ɗaure wannan iko. A Jamus, tun 1998 dokar da ake kira 50+1 ta tanadi cewa mambobin ƙungiya su ne za su riƙe rinjayen ƙuri'a a kamfanin da ke tafiyar da ita, ban da 'yan kaɗan irin su Bayer Leverkusen da Wolfsburg da suka taso a hannun kamfanoni. Mai kuɗi yana iya zuba jari, amma ba zai iya ɗaukar ƙungiya ya kai wani gari ko ya sauya mata kama da ra'ayin kansa ba. A Amurka misali ɗaya tak ake da shi a manyan gasanni, shi ne Green Bay Packers ta gasar NFL, a garin da mutanensa ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba. Tun 1923 jama'a ne suka mallake ta, a yau masu hannun jarinta sun haura dubu 500, kuma hannun jarin ba ya kawo riba ko sisi, abin da yake saya wa mutum shi ne tabbacin cewa ƙungiyar tana nan. Dokokin NFL na yanzu ba su yarda wata ƙungiyar ta bi wannan tsari ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum wanda tsarin ke yi wa barazana.

Ba zan ce mallakar jama'a maganin komai ba ce. Barcelona ta mambobinta ce, su ke zaɓen shugaba, amma zaɓen ma yakan zama gasar wa zai fi yin alƙawarin sayo taurari, kuma a 2021 bashin ƙungiyar ya haura yuro biliyan ɗaya har ta kasa riƙe Lionel Messi. Ƙungiyar da ke hannun magoya baya sau da yawa ba ta iya gogayya da wadda ke da rijiyar kuɗi a bayanta, kuma magoya bayan Portsmouth da suka ceto tasu a 2013 da kansu suka kaɗa ƙuri'ar sayar da ita ga wani attajiri a 2017 don ta samu ta ci gaba. Zaɓin yana da tsada ta kowane ɓangare. Duk da haka, idan aka sa ni in auna, ina ganin magoyin baya ya fi kusa da gaskiya idan ya fara tambayar wa ke riƙe da takardun filin wasa, nawa ne bashin da ke kan ƙungiyar da kuma wa zai biya albashi idan mai ita ya janye hannu, kafin ya tambayi wane ɗan wasa za a sayo. Kofi yana zuwa sau ɗaya a shekaru masu yawa, ko ma bai zo ba, amma wasan mako-mako shi ne abin da ake rayuwa da shi, kuma shi ne ake iya rasawa gaba ɗaya.

Abin da ke ƙarfafa gwiwa shi ne magoya baya sun nuna cewa rashin sa hannunsu a takarda bai mayar da su marasa ƙarfi ba. A watan Fabrairu na 2016 dubban magoya bayan Liverpool sun tashi sun fice daga filin Anfield a minti na 77 don ƙin amincewa da tikitin fam 77, cikin kwanaki masu ƙungiyar suka janye suka ba da haƙuri. A watan Afrilu na 2021 manyan ƙungiyoyi 12 na Ingila da Sifaniya da Italiya suka sanar da kafa gasar Super League, wadda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa daga cikinta ba, amma magoya bayan waɗannan ƙungiyoyi da kansu, waɗanda aka ce su za su ci moriyar abin, suka fito titi, kuma kafin kwana uku shirin ya watse. Wannan tarzoma da mutuwar Bury suna cikin abin da ya kai Birtaniya ga kafa dokar 2025 da ta samar da hukuma mai zaman kanta don sa ido kan kuɗin ƙungiyoyi, tantance masu sayensu, da kare abubuwa irin su launin riga da tambari da filin wasa.

Mutanen Wimbledon ba su jira doka ba. A wannan shekarar ta 2002 da aka amince a ɗauke musu ƙungiya, suka kafa tasu mai suna AFC Wimbledon, suka kira duk mai sha'awar buga ƙwallo ya zo gwaji a wani buɗaɗɗen fili na unguwar, suka fara daga rukuni na tara, inda 'yan kallo ke tsayawa a jikin ƙarfen da ya kewaye fili suna jin numfashin 'yan wasa. Cikin shekara tara suka hau har rukuni na huɗu, a 2011, kuma a watan Nuwamba na 2020 suka buga wasansu na farko a sabon filin da suka gina a Plough Lane, 'yan taku kaɗan daga tsohon filin da suka bari a 1991, da gudummawar kuɗin da magoya baya suka tara. Wasan ya zo ne a lokacin annobar korona, don haka kujerun babu kowa a kansu, sai a 2021 aka buɗe ƙofa jama'a suka cika su. Su ma magoya bayan Bury sun karɓo Gigg Lane a 2022, kuma a 2023 ƙungiyar ta dawo buga wasa a cikinsa, a rukuni na tara, matakai shida ƙasa da inda aka kore ta.